Folish Na Gwangwani Ne, Gogewa Ta Hannu Ce

'Yan'uwana ɗalibai, bari in fara da tona wa kaina asiri tun kafin wani ɗan ajinmu ya riga ni. A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin fassara, wani ɗan guntun labari na Ingilishi a kan yajin aikin da ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka yi a shekarar 1980, wanda Lech Walesa ya jagoranta. Jimlar farko ta soma ne da kalmomin "Polish workers". Ni kuwa da yake na makara, ga shi kuma ina ji da kaina a Turanci, ban tsaya na karanta sauran ba, na zari biro na rubuta cewa masu goge takalma sun shiga yajin aiki. Har na kai sakin layi na biyu ina mamakin abin da ya haɗa 'yan shushaina da jiragen ruwa, amma girman kai ya hana ni komawa baya. Ranar da aka dawo mana da takardu malaminmu bai ambaci sunana ba, Allah ya saka masa da alheri, ya dai karanta jimlar a gaban aji, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Maki uku na samu cikin goma.

Wannan abin kunya shi ya sa na bi diddigin kalmar, kuma abin da na tarar ya sa na sauya ra'ayi game da yadda muke mu'amala da ararrun kalmomi a wannan sashe namu.

Da farko dai kalmomi biyu ne, kama da wane kuwa ba ta wane. Wadda ta kayar da ni tana nufin mutumin ƙasar Poland ko harshensu, kuma asalinta sunan wata ƙabila ce ta da, Polanie, wadda sunanta ya fito daga kalmarsu ta fili ko saura, wato mutanen fili ke nan. Ba ruwanta da takalmi. A rubuce babban baƙi ne kaɗai ya raba ta da ɗayar, a baki kuma wasalin farko. Idan ta zo a farkon jimla, inda dole kowace kalma ta ɗauki babban baƙi, sai muhallin magana kaɗai zai cece ka. Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga ɗalibin Hausa ba. Mu ne fa muke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, haka kuka na ido da kuka ta miya, haka baba na gida da baba na rini, mu bar wa mai karatu ya sa karin sauti da tsawon wasali da kansa.

Ɗaya kalmar, wadda ita ce ainihin abin da ya dame ni, ba 'yar gida ba ce a Ingilishi. Ara suka yi, kamar yadda mu ma muka ara a wurinsu. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarni biyu zuwa uku, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. A wajajen shekarar 1300 ne "polish" ta bayyana, daga aikatau na Faransanci "polir". Wannan wutsiya ta "ish" da ke ƙarshenta ma ba ɗafa-ƙeyar Ingilishi ba ce a nan, wani ɓangare ne na saiwar aikatau ɗin Faransanci idan an sarrafa shi, shi ne kuma muke gani a "finish" da "punish" da "abolish". Faransanci kuwa ya gaji kalmar ne daga Latin, "polire", ma'ana a sumulce abu, a daidaita fuskarsa har ta yi sheƙi.

Ku lura da kyau, tun daga Latin har zuwa Ingilishi aikatau ce, sunan aiki ne da hannu yake yi. An yi shekara kusan ɗari biyar ana amfani da ita a haka kafin a farkon ƙarni na 19 a soma kiran man da ake shafawa da wannan suna. Wannan ma'anar ta baya-bayan nan, auta a cikin ma'anoninta, ita ce ta iso mana a cikin gwangwani.

Inda labarin ya fi yi mini daɗi shi ne can ƙasa da Latin. Wasu masana asalin kalmomi, ciki har da Calvert Watkins na Amurka, suna ganin "polire" ta samo tushe ne daga wata tsohuwar saiwa mai ma'anar duka ko bugawa, ta hanyar sana'ar masu gyaran tufa. Akwai masanan da ba su yarda da wannan ba, amma sana'ar ita kam an yi ta. A daular Rum akwai masu aikin tattaka tufa da ƙafa a cikin kwarmi, da ruwa da wata irin ƙasa da tsohon fitsari, sannan a buge ta, a taje ta, a danne, har zarenta ya haɗe ta yi santsi. A birnin Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tono irin waɗannan ma'aikatu da kwarminsu. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na yi shiru, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne mabuga. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake bugu ya san wannan ƙara mai tashi bi-da-bi, mutum biyu sun sa gungumen itace a tsakiya, an naɗe shadda an yayyafa mata ruwa, ana sauke mata guduma ta itace har ta kwanta ta ɗauki ido. Haka ake yi wa ƙore, haka ake yi wa rawani ɗan Kura da Buzaye suke sha'awa, a zuba masa shuni a yi ta bugu sai ya yi walƙiya kamar ƙarfe. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da wannan tufa tana tafiya har ƙetaren Sahara. Idan hasashen su Watkins daidai ne, to kalmar da muke ɗauka ta 'yan boko da baƙin takalmi, asalinta kalmar mabuga ce.

Ba tufa kaɗai muke bugawa don ta yi sheƙi ba. Iyayenmu mata suna yin daɓe, su taru da madaɓi su bubbuge ƙasan ɗaki, a yayyafa ruwan makuba, a sake bi, har ya zama sumul. A nan Jos kuma ba sai mun yi nisa ba. Wanda ya shiga gidan tarihi, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya leƙa wajen tukwanen da Sylvia Leith-Ross ta tattaro daga sassan ƙasar nan, zai ga wasu suna sheƙi alhali ba a shafa musu komai ba. Kafin gashi ne maginiya take bin jikin tukunyar da ɗan dutse mai santsi. A ramukan kuza na wannan yanki, inda aka tsinci kayan Nok, an sha tono gatura na dutse da aka goge su suka yi sulɓi, irin waɗanda Bahaushe yake kira gatarin aradu. Wato dai aikin ya daɗe a ƙasar nan fiye da harshen Ingilishi kansa.

To mene ne baƙon? Gwangwanin. Shi ne ba mu da shi. Dukawa da majema sun san yadda ake jeme fata da bagaruwa, a rina ta, a shafa mata mai, amma haɗin kaki da launi da wani ruwa mai saurin bushewa, a rufe a ɗan gwangwani mai marfi, wannan kayan kanti ne. Wanda aka fi sani a nan, Kiwi, William Ramsay ne ya fara yin sa a birnin Melbourne na Ostareliya a 1906, ya kuma sa masa sunan tsuntsun ƙasar matarsa, New Zealand. Shekarun nan kuwa su ne shekarun da kamfanonin Turawa suka kafa sansani a kan Filato don haƙar kuza. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, wanda ya biyo ta Kafanchan kuma a 1927. A tawa fahimtar, ta hanyar da lebura da manaja da bariki da kamfani suka shigo bakinmu, ta nan folish ma ya shigo, a ƙafar akawu da masinja da ɗan sanda. Abin dariya ma, shi gwangwanin ƙarfe ne da akan lulluɓe da ruwan kuza don kada ya yi tsatsa. Kuza ta fita a buhu, irinta ta dawo mana a matsayin mazubin man takalmi.

Da kalmar ta shigo, Hausa ta yi mata abin da ta saba yi wa baƙi. Sautin p ya koma f, kamar yadda ya faru a fensir da fenti da famfo da fasinja da fursuna. A Jos, inda Hausa take harshen kasuwa tsakanin Birom da Angas da Afizere da sauransu, waɗanda harsunan da yawa daga cikinsu suke da p na kansu, za ka ji ana furta ta da p ɗinta. Wannan bambanci kaɗai ya isa wani ya yi kundin digiri a kansa. Sannan Hausa ta karɓe ta a matsayin suna, ta ƙi karɓar ta a matsayin aikatau. Ba ma cewa "ya folishe takalmi", sai dai ya sa folish ko ya yi folish, kamar yadda muke yin fenti, mu yi faci, mu taka birki. Aikatau kaɗan ne irin "canja" suka samu shiga har cikin ɗaka.

A nan ne nake rabuwa da ɓangarori biyu na abokan karatuna.

Akwai masu kishin da suke ganin duk wata kalmar Ingilishi ƙazanta ce, a kore ta. Su a wurinsu a ce man takalmi, shi ke nan. Ba ni da ja da man takalmi, kalma ce mai kyau kuma mutane suna faɗin ta, kamar yadda mata suka raɗa wa na farce suna jan farce ba tare da sun jira wani kwamiti ba. Amma in talaka ya riga ya karɓi folish, ya hausantar da shi, yana ciniki da shi, wane ne ni da zan zo daga aji in ce ya tofar? Wanda zai kori folish sai ya shirya korar sabulu da alkalami da littafi, domin su ma baƙi ne, sun dai riga zuwa ne kawai. Faransawa ma da suka ba Ingilishi kalmar, ba da ita suke kiran man takalmi ba, suna da wata dabam da suka ciro daga sunan kaki. Kowane harshe da inda yake kama abu.

Ɗaya ɓangaren su suka fi tayar mini da hankali, domin sun fi yawa, kuma ni ma a cikinsu nake in na saki baki. Mu ne masu Ingausa, masu cewa "bari in yi polishing ɗin takalmina", "a yi polishing ɗin tebur", "ka je ka yi polishing ɗin Hausarka". Hatsarin a nan ba aron ba ne. Hatsarin shi ne kalma guda ta aro, da taimakon ɗan ƙaramin "yi", tana shirin haɗiye aikatau goma na gida. Bahaushe yana buga shadda, ya daɓe ɗaki, ya wasa wuƙa, ya dirje tukunya da toka, ya surfa hatsi, ya yi wa riga guga, ya goge takalmi. Kowane ɗaya yana gaya maka kayan aikin da motsin hannun. Ranar da duk suka koma "yin polishing", to mun yi asarar da babu ƙamus ɗin da zai mayar mana.

Ku dubi saiwar gog- ita kaɗai, ku bi ta cikin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda muke haddacewa don jarrabawa mu manta. Ya goga mai a takalmi, an ɗora abu a kan abu. Mota ta gogi bango, an taɓa an wuce. Ya goge takalmi, an gama aikin sarai. Takalmi ya gogu, aikin ya kai inda ake so. Daga nan ga guga, ga magogi, ga gogayya, ga gogagge, ga gogan naka. Ingilishi sai ya tara kalmomi uku ko huɗu kafin ya faɗi abin da wasali ɗaya yake faɗa a nan.

Amma wannan arziki yana da tarkonsa ga mai fassara, kuma shi ya sa na ce a bi aikin, kada a bi kalmar. "Goge" tana nufin a sa abu ya yi ƙyalli, tana kuma nufin a share shi ya ɓace. Idan Bature ya ce wa ɗalibi "polish your essay", kai kuma ka fassara da "goge maƙalarka", ka sa yaro ya share aikin mako guda. Abin da ake nufi shi ne ya tace ta, ya gyara mata zama. Ga wani misalin da ya fi wannan nauyi. A takardun kiwon lafiya ana yawan ambaton "polished rice". Wanda ya fassara da shinkafa mai ƙyalli ya yabe ta ke nan, alhali gargaɗi ake yi. Shinkafa ce da inji ya surfe ta ƙwarai har ya cire dusar da ke jikin ƙwayar, a cikin dusar nan kuwa bitamin B1 yake. Wani likita ɗan ƙasar Holand, Christiaan Eijkman, shi ya lura a tsibirin Java, cikin shekarun 1890, cewa kajin da ake ba irin wannan shinkafa suna kamuwa da ciwon shanyewar ƙafa, in an mayar da su kan wadda ba a surfe ba sai su warke. Ciwon shi ne beriberi, wanda, kafin wani ya maimaita irin kuskurena, ba ruwansa da 'yan'uwanmu Barebari. Binciken ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1929. Duk matar da ta taɓa riƙe taɓarya ta san surfe, ta san dusa. Da kalmarta za a yi mata bayani, ba da tamu ta aji ba.

Akwai kuma ma'ana ta ɓoye, ta hali. Daga "polire" ɗin nan ne Ingilishi ya sami "polite". Da can ma'anarta abu mai santsi, daga baya ta koma kan mutum mai ladabi, wanda aka goge masa kaushin hali. Kada kama ta ruɗe ku, ba ta da dangantaka da "police" ko "politics", waɗannan daga kalmar Girkanci ta birni suka fito. Mu ma mun ɗauki hoton gogewa mun ɗora a kan mutum, amma ba mu sauka inda suka sauka ba. Gogagge a Hausa ba lallai ne ya zama mai ladabi ba. Wanda ya gogu da duniya ne, ya yi gogayya da mutane, ya san ciki da bai. Shi ya sa ake samun gogaggen malami, a kuma sami gogaggen ɓarawo. Bature ya dubi santsin da gogewa ta bari, Bahaushe ya dubi wuyar da aka sha kafin a gogu. Mai fassarar da ya mayar da "a polished gentleman" gogaggen mutum ya kusa, amma bai shiga ba. Sai ya nemo ladabi, ko wayewa, ko iya zama da jama'a, gwargwadon abin da marubucin yake nufi.

Kwanakin baya, da hunturu ya busa ƙura ta rufe mini takalmi, na tsaya wajen wani dattijo mai shushaina a gefen titin Bauchi. Irin mutanen nan ne da kowa ya san su da ɗan akwatin katako, suna tafe suna ƙwanƙwasa shi da buroshi, da yawansu 'yan ci-rani ne. Ko sunan sana'ar tasu ma aro ne, kalmomin Ingilishi biyu aka dunƙule. Na ce, "Baba, don Allah in tambaye ka, shin folish ne yake sa takalmi ƙyalli?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, in folish ne ai da kowa ya saya ya huta da mu. Ka shafa ka bari ka gani, dusashewa zai yi."

Sai ya nuna mini. Ya fara kaɗe ƙurar, ya wanke da ɗan ruwa da soso, ya jira ya sha iska. Ya lakato man kaɗan ya shafa, ya sake jira. Sannan ya sa buroshi, daga ƙarshe ya kama ƙyalle da hannu biyu ya yi ta ja. Na ƙirga, aikatau shida ya yi amfani da su, kaɗe, wanke, lakata, shafa, goge, ja, babu na aro ko ɗaya. Folish da buroshi ne kaɗai baƙi a bakinsa, su kuwa kaya ne da ya saya da kuɗinsa. Abin da ya faɗa kuma shi ne abin da kimiyya ta faɗa: ruwan da ke cikin man yana bushewa ya bar kaki a cikin ƙananan ramukan fata, gugar buroshi da ƙyalle ita take ɗumama kakin ta shimfiɗa shi ya daidaita, sai haske ya riƙa dawowa ido ta fuska ɗaya.

Wannan dattijo, wanda na tabbata bai taɓa jin sunan Parsons ba, ya riga ya yanke hukuncin da muke ta muhawara a kansa a aji. Ya karɓi sunan kayan, ya riƙe aikatau ɗinsa. Don haka shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, maimakon mu ƙare zangon nan muna gardamar ko a ce folish ko a ce man takalmi, mu raba kanmu biyu-biyu mu fita da littafi da biro. Wasu su je wajen mabuga, wasu wajen dukawa a Naraguta, wasu wajen maƙeran fari, wasu wajen masu sassaƙa, wasu su zauna da tsofaffi mata waɗanda suka yi daɓe da hannunsu kafin siminti ya kore shi. A rubuto kowane aikatau da jimlar da aka ji shi a ciki, da karin sautinsa, da garin mai maganar. Daɓe kam in ba mu hanzarta ba, nan da 'yan shekaru ba za mu sami wanda za mu tambaya ba.

Ina cikin zayyana wa dattijon wannan shiri nawa, har na soma ba shi labarin Pompeii, sai ya katse ni, ya nuna ɗaya ƙafar da har lokacin ban cire takalminta ba. Ya ce, "Malam, wannan ɗin fa? Ko da ɗaya za ka shiga ajin?"